Daga Ambulan Zuwa Intanet: Yadda Sabon Kamfani Ke Girma Idan Fasaha Ta Canza

Gabatarwa

Duk wanda ya yi wayo a Kano ko Kaduna ko Zariya a shekarun 1990, zai iya tuna shagunan hayar kaset ɗin bidiyo da suka cika unguwanni. Yaro zai je da 'yan kuɗinsa ya karɓo kaset, a kalla a gida da daddare, washegari a mayar. A yau sai mutum ya zagaye gari bai ga irin waɗannan shaguna ba, alhali kuwa masu kallon fim sun ninka na wancan lokaci sau da yawa. Ashe ke nan buƙatar tana nan daram, hanyar biyanta ce ta sauya, kuma wannan sauyi ya talauta wasu ya azurta wasu.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa ɗalibai da malamansu yadda ake kafa sabon kamfani a raine shi har ya girma, a zamanin da fasaha da kasuwa ba sa tsayawa wuri ɗaya. Za mu ɗauki kamfani guda, wato Netflix na ƙasar Amurka, mu bi tarihinsa daki-daki, domin a cikinsa akwai darasin kimiyya da na lissafi da na kasuwanci baki ɗaya. Daga nan mu waiwayo gida mu ga abin da ya shafe mu.

Mene Ne Kamfani Mai Tasowa?

Akwai bambanci tsakanin buɗe sabon shago da kafa abin da masana ke kira kamfani mai tasowa. Wanda ya buɗe shagon tireda ya san kayan da zai sayar, ya san masu saye, ya kuma san ribar da ake samu, domin dubban mutane sun yi sana'ar kafin shi. Shi kuwa mai kamfani mai tasowa wata sabuwar hanya yake gwadawa wadda ba a tabbatar da ita ba tukuna, yana fatan in ta yi kyau za ta kai ga dubbai ko miliyoyin mutane cikin ɗan lokaci. Saboda haka aikinsa ya yi kama da na mai bincike a ɗakin gwaje-gwaje. Yakan fara da hasashe, ya tsara gwaji mai sauƙin kuɗi, ya auna sakamako, sa'an nan ya gyara hasashen ko ya watsar da shi. Ɗalibin da ya fahimci wannan tsari a darasin kimiyya ya riga ya riƙe rabin ilmin kafa kamfani.

Gwajin Farko: Faifai A Cikin Ambulan

A shekarar 1997, wasu mutum biyu masu aikin kwamfuta a jihar Kalifoniya, Reed Hastings da Marc Randolph, suna neman abin da za su riƙa sayarwa ta intanet. Sun yi tunanin bayar da hayar fina-finai ta gidan waya, amma kaset ɗin bidiyo yana da girma da nauyi, kuɗin aika shi zai cinye ribar, ga shi kuma yana iya fashewa a hanya. Sai suka sami labarin wani sabon faifai mai suna DVD, wanda aka fara sayarwa a Japan a ƙarshen 1996, ya kuma shiga Amurka a watan Maris na 1997. Faɗinsa santimita 12 ne kacal, ba shi da kauri ko nauyi, amma yana ɗauke da fim sukutum.

Kafin su kashe kuɗi mai yawa, sai suka yi gwaji. Suka sayi faifan waƙa na CD, wanda girmansa ɗaya da na DVD, suka sa shi a ambulan, suka manna kan sarki, suka aika gidan Hastings da ke garin Santa Cruz. Faifan ya isa lafiya bai karye ba. Da 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba suka sami amsar babbar tambayarsu. Suka kafa kamfanin a watan Agusta na 1997, suka buɗe shafinsu na intanet a watan Afrilu na 1998 da fina-finai ƙasa da 1,000.

A lura cewa a lokacin gidajen da ke da na'urar kallon DVD kaɗan ne ƙwarai. Sun shiga kasuwar ne tun tana ƙarama, bisa hasashen cewa farashin na'urar zai faɗi, jama'a kuma za su saya. Hasashen ya tabbata, domin cikin 'yan shekaru DVD ya kori kaset daga kasuwa.

Gyaran Tsarin Ciniki

Tsarin farko bai kawo riba ba. Ana biyan kuɗi ne a kan kowane fim, kuma yawancin kuɗin shigar kamfanin daga sayar da faifai yake zuwa, haya kuwa ba ta tafiya sosai. Masu kamfanin suka hango cewa manyan 'yan kasuwa irin su Amazon za su shigo sayar da faifai, kuma ba za su iya ja da su ba. Don haka suka bar sayarwa, duk da cewa ita ce ke kawo musu kuɗi, suka mai da hankali ga haya.

A shekarar 1999 suka fito da tsarin biyan kuɗin wata. Mutum zai biya kuɗi ƙayyadadde, ya rubuta jerin fina-finan da yake so, a aiko masa da 'yan kaɗan, ya riƙe su iya son ransa, da zarar ya mayar da ɗaya a aiko masa da na gaba. Babu ranar mayarwa, babu tarar jinkiri. Wannan tsari ya taɓa wurin da ke yi wa jama'a ƙaiƙayi, domin babban kamfanin hayar bidiyo na lokacin, wato Blockbuster, wanda aka kafa a birnin Dalas a 1985, yana samun ɗaruruwan miliyoyin daloli a shekara daga tarar da yake cin masu jinkiri, su kuwa masu haya sun tsani wannan tara.

Lissafin Da Ke Raya Kamfani Ko Ya Kashe Shi

Tsarin biyan wata yana tafiya ne bisa wani lissafi da kowane ɗalibin sakandare zai iya yi. Bari mu ƙaddara wata ɗaliba ta ƙirƙiro hanyar aika darussan lissafi ta wayar salula. Kowane mai saye yana biyan Naira 1,000 a wata, ita kuma tana kashe Naira 600 wajen yi masa hidima, saura Naira 400. A ce kuma tana kashe Naira 2,000 a talla kafin ta samu mai saye guda. Ke nan sai mutum ya yi wata 5 yana biya kafin ta mayar da kuɗin tallarta.

To, idan mutum 10 cikin kowane 100 ne ke janyewa a wata, matsakaicin zaman mai saye wata 10 ne. Zai kawo mata Naira 4,000, a cire 2,000 na talla, ribarta Naira 2,000. Amma idan mutum 25 cikin 100 ke janyewa, matsakaicin zama ya koma wata 4, abin da zai kawo Naira 1,600 ne, wato tana hasarar Naira 400 a kan kowane mutum. A irin wannan hali, duk yadda masu saye suka ƙaru haka hasararta za ta ƙaru, kamar mai ɗiban ruwa da kwando. Wannan ya sa masu zuba jari kan tambayi yawan waɗanda suka tsaya kafin su tambayi yawan waɗanda suka shigo.

Lissafi na biyu shi ne na tsawon rai. Idan jarin da ke hannunta Naira 600,000 ne, kuma abin da take kashewa a wata ya ɗara abin da ke shigowa da Naira 100,000, to wata 6 gare ta. Kafin su cika dole ta sami riba, ko ƙarin jari, ko ta rage kashe kuɗi. Kamfanoni da yawa masu kyakkyawar dabara sun mutu ne kawai domin kuɗinsu ya ƙare kafin kasuwa ta buɗe.

Lokacin Da Kasuwa Ta Juya Baya

A ƙarshen shekarun 1990 masu kuɗi a Amurka sun yi ta rububin zuba jari a duk kamfanin da ya ambaci intanet, ko yana da riba ko ba shi da ita. A watan Maris na 2000 farashin hannayen jarin irin waɗannan kamfanoni ya kai ƙololuwa, daga nan ya rikito. Kamfanin Pets.com mai sayar da abincin dabbobin gida ya rufe a watan Nuwamba na 2000, Webvan mai kai cefane gida-gida ya karye a 2001, bayan ya kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen gina manyan rumbuna tun kafin masu saye su yi yawa.

Netflix ma ya ji a jikinsa. A shekarar 2000 yana da masu biya kimanin 300,000, amma yana tafka hasara. Hastings da Randolph suka tafi Dalas suka yi wa shugabannin Blockbuster tayin su sayi kamfanin a kan dala miliyan 50, aka ƙi. A 2001 suka sallami kimanin kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatansu domin tsawaita ran kamfanin. Abin da ya cece su shi ne arahar na'urar DVD, wadda ta sa masu biya suka yi ta ƙaruwa. A watan Mayu na 2002 suka fara sayar da hannun jari ga jama'a, a 2003 kuma masu biya suka haura miliyan 1, kamfanin ya ga ribarsa ta farko ta shekara.

Me Ya Sa Ba A Fara Da Intanet Ba?

Mai karatu zai iya tambaya, tun da kamfanin intanet ne, me ya hana shi tura fim ta waya tun farko? Amsar tana cikin lissafi. Kwamfuta tana ajiye bayani da ƙwayoyin da ake kira bit, wato 0 ko 1, kuma bit 8 su ne bayit 1. Faifan DVD na yau da kullum yana ɗaukar gigabayit 4.7, wato bit biliyan 37.6. A 1998 yawancin gidaje suna shiga intanet ne ta layin tarho, da na'urar modem wadda iyakar gudunta bit 56,000 ne a daƙiƙa. Idan aka raba biliyan 37.6 da 56,000 za a sami daƙiƙa kimanin 671,000, wato awa 186, kusan kwana 8 ba dare ba rana. Ma'aikacin gidan waya kuwa zai kai faifan cikin kwana 1 zuwa 3. Ke nan a wancan lokaci ambulan ya fi intanet sauri.

Amma idan gudun ya kai bit miliyan 5 a daƙiƙa, wannan bayani zai iso cikin daƙiƙa 7,520, wato awa 2 da 'yan mintoci, daidai da tsawon fim ɗin kansa. A nan ne za a iya kallo yayin da fim ɗin ke isowa, ba sai an jira ba. Bugu da ƙari, masana sun inganta dabarun matse hoto. A cikin daƙiƙa ɗaya ta fim akwai hotuna 24 ko fiye, kuma yawancinsu kusan iri ɗaya ne da na bayansu. Maimakon a aika kowane hoto cikakke, sai a aika abin da ya canza kawai, na'urar mai kallo ta cike sauran. Ta haka ake rage nauyin fim sau da yawa ba tare da ido ya lura ba.

Akwai kuma ƙa'idar da ta taimaka wajen hango wannan rana. A 1965 Gordon Moore, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Intel, ya lura cewa yawan taransistocin da ake iya sa wa a ƙwayar kwamfuta yana ninkawa kowace shekara, a 1975 ya gyara ya ce duk shekara 2. Wannan lura ce ta yadda masana'antu ke tafiya, ba doka ce ta halitta kamar ta maganaɗisun ƙasa ba, kuma saurinta ya ragu a 'yan shekarun nan. Duk da haka ta daɗe tana aiki. Daga 1997 zuwa 2007 ninki 5 ke nan, wato 2 × 2 × 2 × 2 × 2, sau 32. Abin da ke ninkawa yakan yi kamar ba ya motsi da farko, sa'an nan ya zo wa mutane ba zato. Wanda ya iya wannan lissafi zai san abin da ba ya yiwuwa bana amma zai yiwu nan da shekara 5, ya fara shiri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Barin Hanyar Da Ke Kawo Riba

A watan Janairu na 2007 Netflix ya fara nuna fina-finai kai tsaye ta intanet, da kimanin fim 1,000, alhali yana da wajen 70,000 a faifai. Wato da hannunsa ya soma gina abin da zai kashe cinikinsa na faifai, tun cinikin yana kan ganiyarsa.

Shi kuwa Blockbuster, wanda a 2004 yake da shaguna kimanin 9,000, bai rasa ganin abin da ke tafe ba. Ya buɗe nasa tsarin haya ta gidan waya a 2004, ya soke tarar jinkiri a 2005. Sai dai kuɗin hayar dubban shaguna da albashin ma'aikata da bashi mai nauyi sun ɗaure shi, kuma duk mai sayen da ya koma sabuwar hanya ragi ne ga shagunan. A watan Satumba na 2010 ya bayyana karayar arzikinsa a kotu. Wani malami a Jami'ar Harvard, Clayton Christensen, ya bayyana irin wannan tarko a littafinsa na 1997 mai suna The Innovator's Dilemma. Bayaninsa shi ne, sabuwar fasaha takan fara ne da rauni da ƙaramar riba, don haka babban kamfani yakan ga bai dace ya bar cinikinsa mai tsoka ya bi ta ba, har sai ta ƙarfafa ta fi ƙarfinsa. A nan ƙaramin kamfani ke samun ƙofar shiga.

Gaggawa ma tana da nata haɗari. A watan Yuli na 2011 Netflix ya raba kuɗin faifai da na intanet, wanda ke son duka biyun kuɗinsa ya tashi daga kimanin dala 10 zuwa 16 a wata. A Satumba ya ce zai mayar da sashen faifai wani kamfani dabam mai suna Qwikster. Jama'a suka fusata, masu biya kimanin 800,000 suka ragu a Amurka cikin wata 3, farashin hannun jarinsa ya faɗi warwas. A Oktoba ya janye batun Qwikster. Alƙiblar daidai ce, amma an yi wa masu saye sauri fiye da yadda za su iya bi. Bayan haka ya shiga shirya nasa fina-finai, a Janairu na 2016 ya buɗe a ƙarin ƙasashe 130 har da Nijeriya, a Satumba na 2023 ya aika faifansa na ƙarshe, a ƙarshen 2024 kuma masu biyansa sun haura miliyan 300.

Waiwaye Gida

Irin wannan sauyi ya faru a gabanmu. Fim ɗin Turmin Danya, wanda ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, ya buɗe kasuwar fina-finan Hausa na bidiyo. Aka tashi daga kaset zuwa faifai, kasuwar Ƙofar Wambai ta zama cibiyar dillalai. Da wayoyi masu nuna bidiyo suka yawaita, masu tura fim a waya suka bazu, cinikin faifai ya durƙushe. Masu shirya fim da suka tsira su ne waɗanda suka koma fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, inda kuɗi ke zuwa ta hanyar talla.

Haka nan, kafin 2001 layukan tarho a Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba. A Janairu na 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, a Agusta aka fara aiki. Nan take matasa suka kafa lema da tebur a bakin titi suna sayar da kira minti-minti. Sana'ar ta ciyar da gidaje da dama, amma da waya da layi suka yi araha sai ta ɓace. Wannan hanyar sadarwa ce kuma ta haifar da sababbin kamfanoni. Shola Akinlade da Ezra Olubi sun kafa Paystack a Legas a 2015 domin sauƙaƙa wa 'yan kasuwa karɓar kuɗi ta intanet, a Oktoba na 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. A Oktoba na 2022 kuma aka sa hannu a dokar kamfanoni masu tasowa ta Nijeriya, wadda ta tanadi rajista da wasu sauƙaƙe-sauƙaƙe ga kamfanonin fasaha da ba su wuce shekara 10 da kafuwa ba.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Abin da tarihin nan ya ƙara mana shi ne, ana iya lissafa lokacin da kiɗan zai canza. Mai kafa kamfani ya fara tantance ainihin buƙatar da yake biya, ya gwada dabararsa da kuɗi kaɗan, ya san abin da kowane mai saye ke ci masa da abin da yake kawo masa, ya san watannin da suka rage wa jarinsa, ya kuma sa ido a kan fasahar da ke ƙara araha kowace shekara. Ya kamata kuma a tuna cewa yawancin kamfanoni masu tasowa ba sa kai labari, shi ya sa hikima ce gwajin farko ya zama wanda in ya faɗi ba zai tafi da dukiyar gida ba.

Ga malamai, ga wani aiki da za a iya ba ɗalibai. A raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zaɓi sana'a ɗaya a unguwarsu, kamar cajin waya, ko cire kuɗi ta na'urar POS, ko niƙa, ko ɗaukar hoto. Su tambayi mai sana'ar kuɗin da yake kashewa da wanda yake samu a wata, su rubuta buƙatar da sana'ar ke biya a jimla ɗaya, sa'an nan su kawo wata fasaha da ke ƙara araha, misali farantin hasken rana ko batir, su lissafa yadda za ta shafi sana'ar nan da shekara 5. Kowane rukuni ya gabatar da lissafinsa a gaban aji, sauran ɗalibai su bincika ko alƙalumansa sun yi daidai.